Kawuna Arba'in

Wuƙaƙe bakwai aka jera a kan tebur aka ɗauki hotonsu, har da 'yar ƙaramar da Safiyatu ke yanka albasa da ita. Hoton yana cikin fayil ɗin ɗanta Bandar a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar.

Igamarsa, wato takardar izinin zama, ita ce ta mutu, shi ya sa aka kama shi a unguwar Ka'akiyya ta Makka ana saura kwana biyu Arfa. Wannan mai sauƙi ne, ana sabunta ta. Wayarsa ce ta ja masa. A ciki aka sami saƙon murya daga Tsoho, mahaucin da yake wa aiki: "Sarkin yanka, tara yaranka, a wasa wuƙaƙe. Ranar Sallah akwai kawuna arba'in a Mina."

Shi ke nan fa! Aka rubuta shi shugaban 'yan daba, aka zo gida aka kwashe wuƙaƙe. Tsoho kuwa, da shi ma ba takarda gare shi ba, ya yi ɓatan dabo.

Sati uku Safiyatu tana cigiyar wanda ya yi wa hukuma tafintan saƙon, kafin ta same shi a ƙofar wani masallaci a unguwar Zahir. Ɗalibi ne daga Zariya, mai suna Mailafiya.

"Ɗana, kawunan raguna ne fa. Hadayar alhazai. Kai ba Bahaushe ba ne?"

"Wallahi, Hajiya, abin da na ji shi na mayar Larabci, kalma da kalma. Ba wanda ya tambaye ni kawunan mene ne."

"To koma ka gaya musu."

Ya sunkuyar da kai. "An riga an buga hatimi. Ni ma zamana a nan a hannunsu yake."

Ta so ta zage shi, bakinta ya ƙi.

Ran Laraba aka bar ta ta ga Bandar ta bayan shingen waya. Ya rame, an aske masa kai. Gobe jirgi zai kai shi Kano, kuma an gaya mata mai irin wannan suna a fayil ba ya dawowa. A Makka ta haife shi, ita ma a nan aka haife ta. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ta mahauta ba.

"Yumma," ya ce wa uwarsa da Larabci, "wa muke da shi a can?"

Ta lalubi kanta kaf, ba ta sami kowa ba. Sunan wata unguwa kawai ta tuna, da mahaifinta kan ambata.

Bandar ya ce, "To koya mini. In na sauka, yaya zan ce ni kaɗai ne?"

Mai gadi ya buga ƙofa, lokaci ya yi.

"Ka ce, ba ni da kowa," in ji Safiyatu.

"Ba ni da kowa," in ji Bandar. Ya sake faɗa.

Tun da ta haife shi ba ta taɓa jin Hausa ta fita daga bakinsa tsaf haka ba.