Ku Cire Ranar Nan

Karo na uku ke nan Rumasa'u tana jan labulen, alhali babu sauran inda bai rufe ba.

"Ku cire ranar nan," in ji Baba Lurwanu daga kan gado. Yatsansa yana nuna wajen taga.

"Baba, an rufe. Ko allura ba za ta shigo ba."

"Ku cire ta."

Manal tana tsaye bakin ƙofa da kwanon shurba. Bango ɗaya ya raba gidansu da na tsohon, a wani lungu na unguwar Hindawiyya a Makka, inda mota ba ta shiga sai an naɗe madubi. Shekararta ashirin da shida, kuma a ɗakin nan ta koyi riƙe almakashi. Tsohon tela ne, ya yi shekara hamsin yana ɗinka tantuna da jakunkunan alhazai. Duk unguwa Ɗan Boma ake ce masa, matasa kuwa sun ɗauka saboda shagonsa na farko yana cikin Barmawa ne, mutanen Burma da suka daɗe a Makka.

Asibiti sun sallamo shi ranar Lahadi da tukunyar iskar numfashi, suka ce a kai shi gida ya huta. Yau Laraba. Tun Litinin bai runtsa ba. Duk wanda ya matso ya laƙƙana masa kalmar shahada, amsa ɗaya yake samu: a cire rana. Abin da ya hana Rumasa'u, 'yarsa, cin abinci ke nan, kada mahaifinta ya cika da wannan magana a baki.

Rakan, jikansa, ya ajiye tasinsa a bakin titi ya shigo da kwali da salatif. Hausarsa ta gida ce, ba ta da nisa.

"Ya jaddi, ma fi shams. Babu rana, halas." Ya liƙe kwalin a gilashin tagar ta bayan labule, ɗakin ya koma hasken fitila. Tsohon bai sauke yatsa ba.

Malam Hisham, limamin ƙaramin masallacin lungun, ya ja Rumasa'u gefe. Ya rage murya, amma Manal ta ji.

"Hajiya, in Bahaushe ya ce rana, ba lallai ta sama yake nufi ba. Akwai ranar da mutum ya yi wani abu. Akwai kuma ranar da za a tambaye shi."

Rumasa'u ta dafa bango. "To wa zai iya cire masa wannan?"

Wayar Manal ta yi rawa a aljihun abayarta. Ta san ko mene ne. Sana'arta yanzu ɗinka wa matasa kayan taurarin zanen katun na Jafan, waɗanda suke sawa su je taro a Jidda. Turki, mai kula da dandalinsu na waya, ya ba ta aikin rigar wani kwamandan jirgin yaƙi na cikin zanen: fara, mai maɓallan zinare, a bayanta jar rana mai haskoki goma sha shida. Da ta ɗora hoton rigar, wata 'yar Indunisiya da ke karatu a Jidda ta rubuta cewa wannan tutar sojan Jafan ce, a ƙarƙashinta aka kwashe mazan ƙauyen kakarta zuwa aikin tilas. Ta jero ƙasashen da tutar ta shiga. Kwana biyar ke nan ana cacar baki. Turki ya ce zane zane ne, tun kafin yaƙi ana sa wannan rana a jiragen masunta. Manal sau ɗaya ta sa baki. Ta rubuta: "Wannan ba tarihinmu ba ne."

Ba ta ciro wayar ba. Ta ajiye kwanon ta durƙusa kusa da gadon.

"Baba, ni ce. Amaryarka."

Haka yake kiranta tun tana ƙarama, yana cewa sadakinta zaren keke uku ne. Yau bai dube ta ba. Leɓensa na motsi, ta kasa ji, sai ta kwantar da kanta gefen matashinsa, kunnenta kusa da bakinsa. Idonta ya bi yatsan.

Ba taga yake nunawa ba. A saman tagar akwai mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, wadda iskarta ke sauka kai tsaye a ƙirjinsa. Ranar Litinin da safe Rumasa'u ta roƙi Manal ta ɗinko ƙyallen da zai kare iskar. Ta ɗinka cikin minti ashirin: shuɗin yadi a waje, ta yi masa shafi da bayan rigar Turki na farko, wanda ɗinkin zanensa ya karkace ta jefa a kwando. Wanda yake tsaye, shuɗi kawai yake gani. Daga kan matashi, iska ta ɗaga ƙyallen, cikinsa ne ke fuskantar mutum: farin yadi, jar rana, haskoki sun bazu, yana kaɗawa ba tsayawa.

Ta jima a haka. Jerin ƙasashen da yarinyar nan ta rubuta ya dawo mata ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ta shida: Burma.

Ta miƙe.

"Gwaggo Rumasa'u, me ya sa ake ce wa Baba Ɗan Boma?"

"Yanzu ne lokacin wannan tambayar?"

"Don Allah."

"Soja ya yi. Turawa suka ce kowane dagaci ya kawo samari, nasu ya kawo shi. Aka sa su jirgin ruwa zuwa Boma, yaƙin Jafan. Da ya dawo bai iya zama a garinsu ba, ya biyo hanyar Sudan da ƙafa. Sau ɗaya ya faɗa wa innarmu, bai ƙara ba. Me ya faru?"

Manal tana iya cewa ƙyallen ya yi datti, ta cire shi ta tafi da shi a cikin abaya, ba wanda zai sani. Ta yi wannan tunanin har ƙarshensa. Sannan ta jawo kujera ta hau, ta zare filoli huɗu, ta juya ƙyallen ta nuna musu.

Rakan ne ya fara ganewa. "Hada alam. Tutar su Jafan ce, ta wasan yaƙi a waya."

Rumasa'u ta dubi jan zanen, ta dubi Manal. "Kwana uku," ta ce. Da ta yi faɗa da ya fi wa Manal sauƙi.

Malam Hisham ya kashe mukayyif ɗin. Ɗakin ya yi tsit, sai hucin tukunyar iska. Hannun tsohon ya sauko a hankali kan bargo.

"An cire?"

"An cire, Baba." Manal ta koma ta durƙusa. "Ni na ɗinka. Ni na rataya. Ban sani ba. Ka yafe mini."

"Na san ɗinkinki," ya ce. Muryar ta fita sarai, karo na farko tun Litinin. "Har yanzu kina jan zare a kusurwa."

Rakan ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Tsohon ya nemi ruwa. Rumasa'u ta ɗiga masa zamzam da cokali. Ya yi magana yana hutawa tsakanin kalmomi, idonsa a inda ƙyallen ya bari.

"A bakin wani rafi ne. Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Na zo cika gora, shi ma ya zo cika gora. Yaro ne, gemu bai fito ba. Ni na riga shi harbi." Ya numfasa. "Saje ya ce a laluba shi. Yana da irin wannan a ƙugu, a naɗe. Ɗinkin hannu ne, ƙanana, a jere. Ɗinkin uwa. Bature ya karɓa ya sa a jakarsa, zai kai gida."

"Baba, yaƙi ne," in ji Malam Hisham. "Kai ma kai ka aka yi."

"Ban san garinsu ba. Bai san namu ba."

Rumasa'u ta matso, ta goge masa baki. Ta dubi Manal, ta kau da kai, sannan ta ce, "Baba, yarinya tana neman gafara. Ba ka amsa mata ba."

"Na yafe." Ya juya ido kaɗan. "Shi fa?"

"Rakan? Ai ga shi nan, Baba, me zai yafe maka?" in ji Rumasa'u.

Manal ta san ba Rakan ba ne, yaron bakin rafin nan ne. Malam Hisham ma ya sani, don ya sunkuyar da kai. Limamin ya matso ya fara laƙƙana masa a hankali, ba gaggawa. A karo na biyu tsohon ya bi shi har ƙarshe. Rumasa'u ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gefen mayafinta.

Ya yi barci daga azahar. Ya cika ana kiran la'asar, Rumasa'u na riƙe da ƙafarsa.

Motar gawa ba ta iya shiga lungun ba, sai da maza suka ɗauko shi a kafaɗa zuwa titi, za a kai shi Harami a yi masa salla bayan magariba. Mata suka cika tsakar gida. Rumasa'u ta wuce ta gaban Manal sau biyu ba ta tanka ba. A na uku ta tsaya, ta ajiye mata wani abu a cinya, ta wuce. Tsohon almakashinsa ne, baƙi, an naɗe hannunsa da tsumma.

Manal ta koma ɗakin ɗinkinta kafin hasken yamma ya ƙare. Rigar Turki tana rataye a ƙofa, an gama ta, an goge. A waya saƙo ɗari da sha bakwai suna jira, na ƙarshe daga Turki: "Gobe zan zo in karɓa, tamam?" Ta kife wayar a kan keke.

Ta sauko da rigar, ta juya bayanta, ta sa tsinin almakashin a kusurwar jar ranar, inda ta ja zare. Kaifinsa bai dakushe ba. Ta jawo farantin shayi kusa, tana tara guntayen jan zaren a ciki.