Sa Hannun Don Aurelio

"Ku ɗaga ta wajen kan! Kai Kyaftin, mutum ka ɗauko fa, ba buhun shinkafa ba!"

Doña Zoila ce ke wannan faɗa, tana biye da maza huɗu da suka ɗauko Don Aurelio a cikin ragar lilo daga filin jirgi. Hannunta duk ayaba, don tana tsakiyar kirɓa masaco, dakakkiyar ayabar da take sayar wa masu karin kumallo, aka ce tsohon makaniken ya yanke jiki ya faɗi a rumfar gyara. Ko tukunyar kofi ba ta sauke ba. Shekara ashirin da shida danga ɗaya ce ta raba gidanta da nasa, kuma ba ta taɓa ganin sa kwance da rana ba.

Suna shimfiɗa shi a gado sai ga 'yarsa Nélida, malamar firamare, ta shigo a guje da alli a hannu. Nas ɗin garin ta auna shi sau biyu, sannan ta ja su zuwa bakin ƙofa.

"Zuciya ce. Ni ƙwaya kawai nake da ita ta sawa a ƙarƙashin harshe. Sai asibitin birnin Trinidad, kuma yau ɗin nan."

Hanyar mota ta nutse tun watan Janairu, kwalekwale kuwa kwana huɗu yake yi. A jirgin sama tafiyar minti hamsin da biyar ce. Jirgi ɗaya ne a garin nasu, Puerto Almendro, mai kujera shida, na Kyaftin Wilfredo, wanda ke ɗaukar nama da malamai da masu naƙuda. Tun ranar Asabar yake tsaye, kuma Don Aurelio ne da kansa ya tsayar da shi.

Shi kaɗai ne mai lasin gyaran jirgin sama a duk bakin kogin nan. In bai sa hannu a littafin jirgi ba, jirgi ba ya tashi. Tun da ƙasashen yankin suka haɗa kai suka yi dokar gyaran jirage guda ɗaya, kullum da safe sai ya zauna a teburin Zoila ya sha kofi yana mita. "Shekara arba'in ina taɓa inji, yanzu yara a ofis mai sanyi suna so in koma aji. Noti ɗaya ma sai ka nuna takardar haihuwarsa!" Amma mitar a baki ta tsaya. Da takarda ta zo cewa a duba gindin fiffiken duk tsohon jirgi irin na Wilfredo kafin ya sake tashi, sai ya buɗe ya duba, ya ga ƙarfen ya tsage. Doka ta hana shi yin faci a rumfarsa. Sai an kawo sabon ƙarfe da takardunsa, da ma'aikaci daga garejin da hukuma ta amince da shi. Aƙalla kwana goma.

Wilfredo ya fita. Can sai ya dawo da littafin jirgin da biro, ya durƙusa a gaban gadon.

"Don Aurelio, ga shi. Tafiya ɗaya kawai. Zan bi a hankali, ƙasa-ƙasa, ba kaya."

Tsohon ya buɗe ido, gumi na bin wuyansa. "An kawo ƙarfen ne?"

"Ka san ba a kawo ba."

"To me zan sa wa hannu?"

"Wata nawa muka yi muna yawo da wannan tsagar ba mu sani ba? Makon jiya naman shanu biyu na ɗauka da ita!"

"A makon jiya ban sani ba, ɗana. Yau na sani."

Nélida ta fashe da kuka. "Baba, don Allah. Biro ne kawai."

"Wa zai zauna a gefena a ciki? Ke. Wa zai riƙe min ruwan allura? Nas, mai goyon wata biyar. Wa zai tuƙa? Wannan mai taurin kan da na ɗauka a kafaɗa ranar da aka yi masa baftisma." Ya yi numfashi da ƙyar. "Har da ni, mutum huɗu kenan."

"To zan tashi ba da sa hannunka ba," in ji Wilfredo. "Su ƙwace lasin ɗin nawa, su dafa su ci."

"Sai ka tashi kai kaɗai. Ni dai ba za a saka ni a ciki ba in ina da sauran baki."

Zoila ta kasa tsayuwa a ɗakin. Ta fita, ta dawo, ta sake fita. Ta tarar kofinta ya ƙone ƙurmus, ta sauke tukunyar ta bar ta nan a ƙasa. Ta wuce ofishin filin jirgi, inda mai rediyo ke ta kiran Trinidad a turo wani jirgin. Muryar da ke can ta ce ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, an rufe filinsu, wataƙila sai ƙarfe uku. Ta ɗaga kai ta dubi saman nasu garin, tas yake, ko gajimare babu. Abin ya ƙara ba ta haushi.

Ta sami Wilfredo a ƙarƙashin fiffiken yana shan taba, abin da bai taɓa yi kusa da jirgi ba.

"Nuna min."

"Me za ki gane, Doña Zoila?"

"Ido gare ni. Nuna min abin da zai kashe makwabcina."

Ya hau da ita kan akwatin katako, ya haska tocila cikin wani rami, ya miƙa mata gilashin ƙara girma. Sai da ta daɗe tana lalube kafin ta gan shi: wani siririn layi kusa da ramin noti, bai kai tsawon farcenta ba, kamar gashi ya faɗa kan faranti.

Ta sauko ta nufi gidan Don Aurelio da sauri, takalminta na fallatsa taɓo.

"Don wannan? Don wannan ɗan zaren za ka bar yarinyar nan ba uba? Kai da kullum kake zagin dokar nan a teburina har kofinka ya huce!"

"Makwabciya, rage murya, kaina."

"Ba zan rage ba! Su masu dokar suna ina yanzu? Suna can suna cin abincin rana, ko sunanka ba su sani ba."

"Ba su sani ba kam." Har ya ɗan yi murmushi. "Takardunsu sun yi yawa, kuma gobe ma in ina nan zan faɗa. Amma wannan karon sun ce a duba nan, na duba, na samu. Wani jirgin ya faɗi a wata ƙasa kafin su rubuto takardar nan, Zoila. Wasu sun riga sun mutu a kanta."

"Kai ma so kake ka bi su?"

"Ina so in rayu mana. Tsoro nake ji, ki taɓa hannuna ki ji." Ta taɓa, sanyi ƙalau. "Amma wata mai zuwa za ki je ganin jikokinki, ko ba haka ba? Kin taɓa tambayar ko jirgin lafiya kafin ki shiga?"

"Me zai sa in tambaya? Ai ka sa hannu."

Zoila ta fizgi tawul ta goge masa goshi da ƙarfin da ya wuce kima.

Ƙarfe uku ta yi, aka ce huɗu. Huɗu ta yi, aka ce biyar. Sau bakwai Zoila ta taka tsakanin gidan da ofishin rediyo. Mata suka taru a tsakar gida da carbi suna addu'a, wasu na raɗa cewa girman kai ne ke damun tsohon. Zoila, da ta gama zaginsa da bakinta, ta juya ta ce duk wadda ta zo gulma ta koma gidanta. Da biyar da rabi mai rediyo ya cire abin kunnensa ya ajiye. Filin Puerto Almendro ba fitilu, ko an buɗe Trinidad yanzu ba mai iya sauka. Sai gobe.

Washegari da hantsi ta kai masa romon kaza. Cokali biyu ya sha ya kau da kai. Leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi. An ce jirgi zai taso da zarar hazo ya washe a can.

"Ɗauko littafin jirgin nan," in ji shi. "Nélida kuka zai hana ta rubutu."

Ta ɗauka ya sauya shawara. Ta kawo da gudu.

"Buɗe shafin ƙarshe. Rubuta kwanan wata. Rubuta: fiffiken hagu, ramin noti na baya, tsaga mai tsawon milimita tara. Ban iya ganin bayan ƙarfen ba, a cire a duba. Na dama ban gama duba shi ba, kada a ɗauka na gama."

Tana rubutawa da manyan baƙaƙe irin na allon abincinta, yana gyara mata. Da ta gama ya karɓi biron, ta tallafe masa gwiwar hannu. Ya daɗe yana jan sunansa, harafi bayan harafi, ya ƙara lambar lasin ɗinsa a ƙasa ba tare da ya duba ko'ina ba.

"Rubutunki kamar kaza ta bi ta kan siminti," in ji shi.

"Naka fa? Kamar na likita mai maye."

Ya nemi a buɗe taga. Nélida ta hau gadon ta ɗora kansa a cinyarta. Wajen sha ɗaya da kwata ya ce ƙafafunsa sun yi sanyi, Zoila ta tafi gidanta ɗauko bargo. Da ta dawo ta tarar nas ta cire abin awon daga kunnenta, Nélida kuma tana shafa masa gashi ba ta kuka. Zoila ta tsaya da bargon a hannu, sannan ta ƙarasa ta lulluɓe masa ƙafafun.

Jirgin Trinidad ya sauka ƙarfe ɗaya saura. Ba wanda ya je tarbarsa sai mai rediyo.

Kwana goma sha biyu bayan jana'iza aka kawo sabon ƙarfen, tare da wata injiniya mai suna Maribel Justiniano. Ta karanta shafin ƙarshe, ta tambayi wa ya rubuta. Zoila, da ke tsaye da butar kofi, ta ce ita ce, in akwai kuskure a yi haƙuri.

"Babu kuskure, Doña."

Da suka cire tsohon ƙarfen, injiniyar ta juya bayansa ta fesa masa wani jan ruwa, ta goge. Layin ya fito, ya ratsa ta baya har ya kusa kai wa rami na biyu. Ta miƙa wa Wilfredo. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallo.

"Da jirgin zai kai su Trinidad?" Zoila ta tambaya.

"Wataƙila ya kai su. Wataƙila ya yi tafiya ashirin ma. Ba wanda zai iya faɗa miki."

Zoila ta so a ce mata e ko a'a. Ta zuba wa injiniyar kofi har ya zube a faranti, ta koma teburinta ta goge shi, duk da ba abin da ya taɓa shi.

Wilfredo ya zauna a kan tayar jirgin, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Can ƙarshen filin shanun wani sun shigo ta inda waya ta yanke, suna kiwo a tsakiyar titin jirgi, fararen balbelu na bin su a baya. Ba wanda ya tashi ya kore su.