Wasiƙar Ɗan Gwaggo a Tsakiyar Ruwa

Bilyaminu mai kwalekwalen inji a Wara yana da wata jarabar da ta fi ƙarfinsa: tara wasiƙun ma'aikatan rediyo da marubutan jarida. Ya yi ta aika musu har su gaji su amsa, shi kuma ya naɗe amsar a leda ya adana cikin tsohuwar kwalla. Talatin da bakwai ya tara, kowace da sa hannun mai ita. Ɗan Gwaggo kaɗai, mai shirin gaishe-gaishe, ya gagare shi. Shekara tara babu amsa.

Wata ranar kasuwa, wani ɗan siririn mutum ya shigo kwalekwalen ya ce, "Jama'a, a ɗan matsa mini." Bilyaminu bai taɓa ganin fuskar ba, amma muryar nan ko a mafarki ya san ta. Ta Ɗan Gwaggo ce. Sai da suka yi nisa da gaɓa ya kashe inji.

Inna Uwani mai bandar kifi ta ce, "Mi ya faru kuma?"

"Inna, wanga bawan Allah zai rubuto mini wasiƙa, sannan mu wuce."

Baƙon ya ce, "Malam, ga ni gabanka. Ba sai mu yi magana ba?"

"Magana ba ta shiga kwalla."

Ɗan Gwaggo ya dubi ruwa dama da hagu, ya zaro biro da takarda. Ya rubuta layi uku a kan gwiwarsa, ya sa hannu ya miƙa. Bilyaminu ya karanta ya ɗaure fuska.

"Wane ne kuma Isa Aminu?"

"Ni ne. Sunana na yanka ke nan."

"Ban san shi ba. Ɗan Gwaggo nika nema."

Ashe tunda Ɗan Gwaggo yake bai taɓa sa hannu da sunan rediyo ba. Dole ya gwada iri uku a bayan takardar, aka zagaya da ita, fasinjoji suka duba. Inna Uwani ta ce na biyun ya fi kama da muryarsa, aka tsaya a kansa.

Bilyaminu ya soke wasiƙar cikin hula, ya ja igiyar inji. Shiru. Ya ja har ya yi gumi, inji ya ƙi tashi. Haka aka raba filafilan tuƙi, Ɗan Gwaggo ma ya samu nasa. Yana tuƙi yana haki, Inna Uwani na zayyano masa 'yan uwanta na Shanga da zai gaisar a shirinsa na ranar Juma'a.