Sunana a Kwarin Gashaka

Ni ce 'yar farin Umma, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda kunyar ɗan fari. A gidanmu na Kurmin Mashi ni ce "ke", in da baƙi kuma "yarinyar nan". Saura wata guda a ɗaura mini aure, kuma abu ɗaya nake so kafin in bar gida: in ji ta ce Safara'u, ko sau ɗaya.

Ƙanena Hamisu yana bautar ƙasa a gandun dajin Gashaka, can Taraba. Ya dame mu da waya sai mun zo, har Umma ta gaji ta yarda. Kwana biyu muka yi a hanya.

Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Duwatsu sun yi rawani da gajimare, kogi yana ratsa kwari yana sheƙi, birai suna leƙen mu daga rassa. Umma ta ce ɗaya ma ya yi kama da Hamisu in yana jiran tuwo.

A wani lungu Hamisu ya tsayar da mu, ya ce nan dutse yake amsa-kuwwa. Ya kira sunansa, dutse ya maido masa har sau biyu. Ya ce saura Umma.

"Umma, gwada da sunan Yaya mana."

"Kai, tafi can, marar kunya."

Na yi dariya tare da su. Na wuce gaba, na gangara bakin ruwa don kada su ga idona. Hamisu ya bi wani tsuntsu da wayarsa. Umma ta tsaya ita kaɗai tana gyara mayafi.

Ina jin ta zaci duk mun yi nisa. Ba ta san yadda kwari yake ɗaukar murya ba. Daga dutsen da ke gabana na ji shi, a hankali, da muryar da na sani tun ina goye: Safara'u.

Na hau da gudu, takalmina ɗaya a hannu. Ta ga fuskata, ta kau da kai.

"Dutse ne ya faɗa," in ji ta.

"To, Umma, a ce masa na amsa."

Ta yi gaba abinta. Amma da muka zo tsallake ruwa ta miƙo mini hannu, kuma ba ta saki nawa ba har mota.