Kazar Ɗorin Gide

Shekarar da kowa a Ƙanƙara ya tashi haiƙan sai ya tuge jinka ya kafa kwano, ita ce shekarar da Gide ya faɗo daga saman ɗakinsa. Mutum manomi, bai taɓa riƙe guduma ba, amma wai shi ba zai kira kafinta ba. Ƙwaurin hagu ya karye, har ƙashi ya leƙo waje.

Mani, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, yana gida ranar, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Malamin gona ne. Tun da gwamnati ta samu kuɗin mai ta fara turo takin zamani mota-mota, Mani bai ƙara zama ba. Yau Faskari, gobe Sabuwa, jibi ka ji ya ɓulla 'Yargoje, yana kan babur yana lallashin manoma su zuba wa gonarsu abin da suke kira gishirin Bature. Matarsa Suwaibatu har ta gaji da tambayar yaushe zai dawo. Tuwo dai take ajiye masa, in ya kwana ta ɗumama.

"Jama'a, mu kai shi asibiti Funtuwa," in ji Mani.

Wa zai saurare shi? Kowa ya san asibiti yanke ƙafa suke yi. Aka aika wa Baba Rabo maɗori, tsohon da ya ɗora rabin ƙasusuwan garin. Ya zo ya ja ƙafar, Gide yana salati, ya jera mata karan dawa ya naɗe da tsumma. Sannan ya ce a kamo masa kaza. Aka kawo wata ja, ramammiya, ta Barakatu matar Gide. Mani ne ya riƙe ta, tsohon ya karya mata ƙafar hagu, ƙas, ya ɗora ta kamar yadda ya ɗora ta mai ita.

"Ku aje ta nan zaure kusa da shi," in ji Baba Rabo. "Ita ce idona. Muddin tana ci tana sha, ba mai taɓa ɗaurin ga sai lokaci ya yi. In kuka ga ta yi sanyi, ku aiko mani ko ina nike."

Washegari Mani ya hau babur ya nufi Faskari.

Da ya dawo, kafin ma ya shiga gidansa ya leƙa zauren Gide. Masu dubiya sun cika tabarma, kowa kazar yake kallo, ba mai kallon majinyaci. Tana tsaye a kan ƙafa biyu. Ana ta barka, wani har da tafi. Mani ma ya yi murna, amma murnar ba ta kai masa zuci ba. Karaya ce fa, ba targaɗe ba. Ya tsuguna ya ce, "Ya jiki, Malam Gide?"

"Da sauƙi, malamin gona. Ka ga kaza ai."

Tafiyar Sabuwa ta ɗauke shi fiye da yadda ya so, don ruwa ya cinye hanya. Ya dawo ya tarar da abubuwan da suka tsaya masa a rai. An ɗaure kazar da igiya a jikin turke, ita da da can kwando kawai ake kifa mata. Ta yi ɓul-ɓul, tana tonon ƙasa da ƙafar da aka ɗora, ko ɗingishi babu. An turara zauren da turaren wuta har yana hawa kai. Gide kuwa ga zafin rana, ga shi lulluɓe da bargo har ƙirji, fuska ta yi fari fat, leɓe ya bushe.

"Wannan turare fa?"

"Sauro," in ji Barakatu daga bayan zana, da sauri kamar mai jiran tambayar.

Sauro da azahar! Mani ya kai hannu zai ɗaga bargon, wani dattijo ya buge masa hannu, ya ce ba a buɗe ɗori, sai ka ce ba ɗan garin nan ba ne.

Ya fita yana saƙe-saƙe. Shi fa da hannunsa ya riƙe kazar nan, ƙashin ƙirjinta har sukar tafin hannu yake yi. Wace irin kaza ce za ta karye ta kuma yi ƙiba? Zuciyarsa ta tafi kai tsaye ga Baba Rabo. Tsoho ya ga aiki ya ɓaci, ya lallaɓo ya musanya kaza don kada sunansa ya zube. Ba wani abu ba ne, wallahi shi ne.

Ya same shi gindin durumi yana fiƙe kara.

"Baba, ba za a buɗe ƙafar nan a duba ba?"

"Kazar ta yi sanyi?"

"Lafiyarta lau. Lafiyar ce ma ta yi mani yawa."

Tsohon ya ɗago. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. "Mi kake nufi, ɗan nan? Ubanka da doki ya kada shi, ni na ɗora shi. Je ka raba gishirinka."

Mani ya dawo gida rai a ɓace. Ya zazzage wa Suwaibatu duk zarginsa, yana ci yana faɗa. Ita da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ranar sai ta sunkuya tana kankare tukunyar da ta riga ta wanke. Ya lura, ya kuma yi niyyar ya tone ta. Amma da sassafe ɗan aike ya zo daga ofis, wai motar taki ta sauka Pauwa, manoma sun taru, daga can kuma a wuce Faskari. Ya tsaya ƙofar zauren Gide, babur yana kunne, yana jiyo tari daga ciki. Ya ce a ransa, in na dawo ko da faɗa sai an buɗe. Ya taka giya ya tafi.

Gab da magariba ya dawo daga wannan tafiyar, lokacin da kaji suke neman makwanci. Yana kafe babur sai ga jar kaza ta fito daga zauren Gide a guje, ta tsinke igiya, kara yana reto a ƙafarta. Ba ta yi wata-wata ba ta bi ta tsakanin ƙafafun Mani, ta shige zaurensa, ta ratsa tsakar gida, ta faɗa akurkinsu ta lafe cikin 'yan'uwanta. Ko zakaran gidan bai tanka mata ba.

Mani ya tsaya. Suwaibatu tana riƙe da buta, ita ma ta tsaya.

"Kazar wa ce wannan?"

"Malam, ka yi alwala tukuna."

"Na ce kazar wa ce!"

Ta ajiye butar, ta fashe da kuka. Tasu ce. Kazar ɗorin tun tafiyar Mani ta farko ƙafarta ta kumbura, ta daina ci, ta mutu. Barakatu ta tsallako da ita cikin zane, ta ce in maigidanta ya farka ya ga gawar kazar nan, ya gama sallamawa, binta zai yi. Sai Suwaibatu ta kamo tata ja, suka lallaɓa zauren Gide, suka kwance karan suka ɗaura mata. Karya ƙafar ce suka kasa, ba wadda ta iya.

"Tausayinsa muka ji, Malam. Wallahi tausayi ne."

"Tausayi! Tsohon nan ya ce kazar ce idonsa, ku kuka tsone shi. Ni kuma ina can ina zagin bawan Allah a banza."

Bai tsaya sallama ba ya faɗa zauren Gide. Ba kowa sai majinyacin, masu dubiya sun tafi masallaci. Ya ture kaskon turaren da ƙafa, ya yaye bargon. Warin da ya taso sai da ya mayar da shi baya. Yatsun sun yi baƙi ƙirin, kumburi ya haɗiye karan, ya haura gwiwa. Mani ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ya rasa ta inda zai fara gaya masa.

"Malam Gide, kazar nan..."

"Taku ce," in ji Gide, murya can ƙasa. "Ina kwance ina kallonsu ta wutsiyar ido suna ɗaura mata kara."

"Ka sani? Ka sani ka yi shiru?"

"In faɗa wa wa? In na faɗa, gari duka a ce Barakatu ta kashe mijinta, a haɗa da iyalinka. Kai kaɗai ne ka ce asibiti tun ranar farko. Kai nike jira ka ɗaga bargon ga da kanka, a ce malamin gona ne da rigimarsa. Kullum in na ji babur ɗinka na ce yau ne. Sai in ji ya wuce."

Mani ya fita ya tashi direban motar a-kori-kura ta ofis daga kan tabarmar salla, aka shimfiɗa katifa a baya, maza suka ciccibo Gide. Baba Rabo da labari ya kai masa, ya zo yana dogara sanda, ya shafa ƙafar sau ɗaya, ya ce a yi sauri. Mani ya zauna a baya ya tallafe kan maƙwabcinsa har Funtuwa.

A asibiti, sama da gwiwa suka yanke ƙafar.