Koren Fenti a Bishiyar Baba

Masatoshi yana kan tsani yana fesa wa matacciyar bishiya koren fenti, sai matarsa Fumie ta leƙo ta taga.

"Maigida, ka bar wani reshe ja can ta hagu. In za ka yi ƙarya, ka yi ta da kyau mana."

"Rufe tagar nan, maƙwabta na ji!"

Bishiyar matsu ce, mai ganye kamar allura, wadda mahaifinsa Genzo ya dasa tun Masatoshi yana rarrafe. Ranar da aka kai tsohon gidan kula da tsofaffi, magana ɗaya ya bari. Gidan na Masatoshi ne muddin bishiyar tana raye. In ta mutu, a sayar da gidan, kowa ya kama gabansa.

Gogan naka Masatoshi kuwa, da ya sayi sabuwar mota, sai ya ga ai irin wannan mota ba ta kwana a laka. Ya sa aka malale tsakar gida da siminti har gindin bishiyar, ya ce gyaran gida ne na zamani. Saiwa ta rasa ruwa, ganye ya yi jawur, kafin sanyi ya shigo bishiyar ta ce ga garinku. Ga shi gobe za a kawo tsohon ya ci sabuwar shekara a gida.

Da fenti ya bushe, Masatoshi ya kafa doguwar gora, ya zubo igiyoyin bambaro daga samanta, ya ɗaure rassan ɗaya bayan ɗaya, yadda kowa ke yi a garinsu Takaoka don kada nauyin dusar ƙanƙara ya karya su. Mutumin da bai taɓa ba ta ko kofin ruwa ba, yau shi ne har da gumi a cikin sanyin nan.

"Tabɗi," in ji Fumie. "Gawa dai gawa ce, amma wannan ta sha kwalliya."

Washegari da hantsi aka sauke Genzo a kujerarsa mai taya, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Ko shayi bai yarda ya sha ba, ya ce a tura shi wajen bishiyarsa. Ya dubi simintin. Ya miƙa hannu ya murza ganye, ya dubi yatsunsa, ya ciro hankici ya goge su a hankali, ya ninke ya mayar aljihu. Masatoshi ya ji gidan yana sulalewa daga hannunsa.

"Shekara da shekaru ina fama da ita," in ji tsohon, "ban taɓa ganin ta yi shar haka ba. Me kake ba ta?"

"Kulawa ce kawai, Baba."

"Kulawa! Ashe na zalunce ka, ɗana. Na ɗauka ba ka iya kula da tsohon abu ba, shi ya sa na yarda aka kai ni can."

Masatoshi ya sunkuyar da kai, yana murmushin wanda ya sha da ƙyar.

"Fumie," tsohon ya ce, "ki gyara mini ɗakina na da, mai kallon tsakar gida. Na dawo ke nan. A bakin tagar nan zan zauna, in ga sabon tohonta da idona in ƙanƙara ta narke."

Murmushin ya bushe a fuskar Masatoshi. Fumie ta rusuna har ƙasa.

"Sannu da dawowa, Baba."

Ta kama kujerar za ta tura, ta ɗan matso kusa da kunnen mijinta.

"Maigida, shi toho a wane shago ake sayar da shi?"