Birkin Bashen Ma'azu

"A'a, ba wanga ba. Miƙo mini wancan mai jan kwali," in ji Ma'azu.

Mukhtar, saurayin da ke sayar da kayan mota a bakin tashar Dogon Dutsi, ya sake taka benci ya sauko da kwalin. Ma'azu ya zaro falaket ɗaya, ƙarfen nan da ke kama taya in an taka birki, ya kara shi da tsohon da ya zo da shi a aljihu. Tsohon ya cinye har ya koma kamar marfin gwangwani.

Iro tela yana tsaye a bakin ƙofa da ledar zare da maɓallai. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Ma'azu a Sukukutane tun suna angwaye, kuma ya san in maƙwabcin nasa ya fara zaɓen kayan mota, sai dai mutum ya nemi wurin zama. Da safe suka shigo gari tare cikin bashen Ma'azu, farar motar nan mai buɗaɗɗen baya. Yanzu tana garejin Ɗantala, an kwance tayoyin gaba an ɗora ta kan kututture.

"Baba, mai jan kwalin tauri gare shi," in ji Mukhtar. "Shina daɗewa, rairayi bai cin shi da wuri, sai dai shina kuka. Mai shuɗin kwali ya hi laushi, nan take shika kamawa ba ƙara, amma bai kai wancan kwana ba."

"Kai za ka koya mini?" Ma'azu ya yi dariya. Ya karce fuskar ƙarfen da farce, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi a jikin kanta yana saurare. "In na ɗauko buhunan wake, ga mutane bisa, ga gangare gabana, ba ni son birkin da zai tsaya shawara kahin ya kama."

"Don Allah ka ɗauki guda mu tahi," in ji Iro. "Azahar ta matso."

"Ji mai magana! Kai da kake wuni kana zaɓen maɓalli."

Ya ɗaga kwalayen, ɗaya a kowane hannu, kamar mai awo. "To, Iro, ni dai abin da nig gani shi ne..."



Iro ya jira sauran maganar. Ma'azu yana kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu. Kwalin hannunsa na hagu ya suɓuce, ƙarafan suka watse a siminti. Ya ja da baya, ya zauna kan wata tsohuwar taya.

"Iro, an yi duhu," ya ce, a hankali.

Kafin Iro ya kai gare shi ya riga ya kife. Suka birkito shi, suka cire masa hula, wani ya kawo ruwa aka yayyafa masa. Iro yana jijjiga kafaɗarsa yana cewa, "Ma'azu! Kai Ma'azu, bar wasa!" Mukhtar ya durƙusa yana maimaita kalmar shahada a kunnensa.

Mai shagon kusa ne ya kai su asibiti a motarsa. Likitan bai daɗe a ciki ba ya fito yana cire safar hannu.

"Sai haƙuri. Ya cika tun kan hanya. Shina da tansiyo ne, hawan jini?"

"Da sahe shi kaɗai ya ɗora buhu bisa mota," in ji Iro. "Magana muke yi. Bai ma ƙare maganar ba."

Likitan ya dafa shi, ya wuce.

Iro ya zauna a dakalin waje, hular Ma'azu da wayarsa a cinyarsa. Wayar ta fara ruri. Sunan Sahura ne, matar Ma'azu. Ya zuba mata ido har ta tsinke. Da ta sake somawa sai ya kife ta, ya ciro tasa, ya kira matarsa.

"Barira, aje abin da kike yi. Ki kira Inna Hindatu ta raka ki wurin Sahura."

"Lahiya? Motar ce ta hwaɗi?"

"Ba mota ba ce. Tsaye yake, Barira. Tsaye yake gabana."

Ya ji salatinta, ya ji wani kwano ya faɗi, sai ya kashe wayar.

Bayan azahar Ɗantala makanike ya iso, hannunsa duk baƙin mai, Mukhtar na bayansa rungume da kwalayen nan biyu. 'Yan garinsu mazauna Dutsi sun fara taruwa, wani har ya ce a nemo motar haya a kai gawar gida kafin rana ta faɗi.

"A'a," in ji Iro. Shi kansa bai san muryarsa za ta fito da ƙarfi haka ba. "Wa ya taɓa rasuwa a Dutsi cikin mutanenmu ba motar Ma'azu ta mai da shi gida ba? Uwata ma cikinta anka kai ta. Cikin tasa zai tahi."

"To, Malam Iro, motar ba ta da birki," in ji Ɗantala. "Wanne ya zaɓa?"

Iro ya dube shi kamar bai ji Hausa ba. "Mutum ya mutu kana tambayata ƙarfe?"

"Ka yi haƙuri. Duk biyun suna shiga. Amma ban taɓa ɗaura ma motar nan ko ƙusa ba sai wadda ya nuna da hannunsa." Ya goge ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu. "Ba ni iya yanke mashi."

Iro ya karɓi kwalayen. Bai san komai a kansu ba, nauyinsu ma ɗaya ya ji. Ya yi ta ƙoƙarin tuna wanne hannu Ma'azu ya fi ɗagawa, wanne ya fi kallo, bai tuna ba. Abin da ya faɗo masa shi ne ƙarar tsohon birkin nan, wadda duk unguwa ta sani. Da an ji ta a kan kwana, yaran Ma'azu sukan kwaso da gudu suna ihun Baba ya dawo.

"Wanne kac ce bai kuka?" ya tambayi Mukhtar.

"Mai shuɗin."

"Shi za a sa."

La'asar ta yi kafin su kama hanya. Ɗantala ne ya tuƙa. Iro ya ƙi shiga gaba, ya zauna a baya kusa da gawar da aka naɗe a tabarma, yana tare ta da gwiwa duk inda mota ta faɗa rami. A kan gangare, Ɗantala ya taka birki, motar ta lafa ba ko 'yar ƙara. Iro ya buɗe baki zai ce wa Ma'azu, ka ji, ya kama. Sai ya rufe.

Sun tarar an riga an haƙa kabari, maza cike da ƙofar gida. Aka yi masa sutura, aka sallace shi, aka kai shi kafin magariba. Daga cikin gida Iro bai ji kukan Sahura ba, sai muryarta tana tambayar Barira, tana sake tambaya: "Amma mi ya ce? Bai ce komi ba?"

Washegari da hantsi ana zaman gaisuwa, Iro na gefen tabarma. Motar tana ƙarƙashin itacen bedi inda Ɗantala ya bar ta. Sai ga wata tsohuwa daga ƙauyukan daji, da ƙullin gujiya a ka, ta biyo ta bayan gidaje. Ba ta dubi taron ba. Ta sauke kayanta a gindin tayar baya, ta cire takalmanta ta zauna a kansu, ta gyara mayafi, ta fuskanci hanyar Dutsi tana jiran a tashi.